Kaset Ɗin Abijan

Wannan babin sau huɗu ina fara shi ina yage takardar. Na rubuta muku labarin ƙuruciyata da na lakol, wato makarantar boko, ban sha wuya ba, amma da na iso shekarar kaset sai biro ya yi mini nauyi. Ku biyar Allah ya ba ni, kuma kowannenku ya ji labarin nan ta bakin wani. Wasu sun ji wai na sayar wa Turawa muryar Innarku. Wasu sun ji wai tsufa ne ya fara taɓa ni. Ban sayar da komai ba, hankalina kuma yana nan. Amma na yi laifi, kuma zan nuna muku daidai inda yake, ba zan rage ba, ba zan ƙara ba. Sanusi, kai ne babba, kai ne kuma ka daina zama a tabarmata saboda wannan magana. Ka ga har sunanka na rubuta, abin da bakina bai saba da shi ba. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe, ko da a tsaye ne.

Lokacin da na tafi Abijan neman abin kaina kana da shekara uku, sauranku ba a haife ku ba. A wancan zamani babu salula. Wanda yake da mai rubutu ya aiko da takarda, wanda ba shi da shi ya sa kaset a rediyo, a zauna tsakar gida kowa ya faɗi tasa, a ba wani mai tafiya ya kai. Kaset ɗaya tak na samu a shekara biyun da na yi can. Babana, kakanku Malam Hassan, shi ya cinye kusan dukansa. Ya gaishe ni, ya gaida mai masaukina, ya ba ni labarin damina da na akuyar da ta haifi uku da na katangar da ruwa ya kayar, ya ce in riƙe salla in guji abokan banza. Can wajen ƙarshe sai ka ji ya ɗaga murya:

"Ke Hadiza! Aje taɓaryar nan ki taho ki gaida mijinki."

Sai shiru, ba ka jin komai sai shuuu ɗin kaset. Sannan Baba ya yi dariya ya ce:

"To, ka ji. Ta ƙiya. Ta ce a gaishe ka dai."

Daga nan ya yi addu'a ya yi sallama. Amma ya manta bai danna maɓallin tsayarwa ba, kaset ya ci gaba da juyawa har ya ƙare, shuuu kawai, sai wani ɗan bugu can nesa kamar na daka. Sau ɗaya na saurara na ji haka, daga nan kullum Baba na yin sallama nake kashe rediyo, don kada pil, wato batir, ya ƙare a banza.

Ban yi mamakin ƙin da ta yi ba. Ku manya kun san Innarku. Mace ce da kunya ta yi wa yawa ko a cikin mata masu kunya. Ba ta taɓa cin abinci a gaban Baba ba, ba ta taɓa faɗin sunana ba, kai kuma Sanusi, da yake kai ne ɗan fari, ba ta kiran sunanka, ba ta yi maka wasa a gaban mutane, ba ta ɗaukarka in akwai ido. In za ta ba ka tuwo sai ta ce wa wani, "Ku miƙa wa wancan." Haka aka tarbiyyantar da ita, haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin. Mu manya mun san abin da ke ƙarƙashin wannan, amma yaro bai sani ba, ni kuma ban taɓa zaunar da kai na gaya maka ba, don ni ma kunyar ce ta riƙe ni. Ranar da ciwo ya ci ƙarfinta, Rabi tana da wata takwas a duniya, ta kira ƙannenka ɗaya bayan ɗaya da sunansu ta shafa kansu. Kai kana tsaye bakin ƙofa, saurayi ɗan shekara goma sha biyar. Ta dube ka ta daɗe, sannan ta kawar da kai, don ɗakin cike yake da mata. Bayan kwana bakwai ka ce mini, kana kallon ƙasa:

"Baba, ko ranar tafiyarta ba ta kira ni ba."

Na ce ka je ka ba awaki ruwa. Wannan ma yana cikin abubuwan da nake juyawa a raina har yau.

A Abijan na koyi gyaran rediyo, da shi na kafa rumfa a kasuwar Gazawa. Da kasuwar rediyo mai kaset ta mutu sai na koma cajin salula da tura wa mutane karatu da waƙoƙi a katin salula. Kaset ɗin Baba kuwa na naɗe shi a tsumma na sa a gwangwanin madara, na daina kunna shi, don na ga yadda tsohon zare yake tsinkewa a hannun mutane. Kun san halina. Ni ne mai komawa sau uku ya ja kwaɗon rumfa bayan ya rufe, ni ne mai sake alwala don yana shakkar ko ya wanke gwiwar hannu. Kun sha yi mini dariya a kan haka, ban ji haushi ba, don ni ma na san abin dariya ne.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da Rabi ta zo gida wankan haihuwarta ta fari, a hannun ƙanwata Gwaggo Abu wadda ta raine ta. Wata rana da hantsi na dawo ɗaukar wani abu da na manta, na tarar da ita a inuwa tana jijjiga jaririyar tana ɗan rera mata wani abu. Da ta gan ni sai ta daina, ta ce:

"Baba, Inna tana yi wa yara waƙa?"

Na ce, "Takan yi, in ba kowa."

"Yaya muryarta take?"

Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na tarar babu. Fuskarta tana nan a idona, da tafiyarta, da yadda take ɗaura kallabi, amma muryar ta tafi ban san ranar da ta tafi ba. Shekara ashirin da wani abu ina ɗauka tana nan ajiye. Na koma rumfa na zauna, mutane suna miƙo salula ina karɓa ban san wa ya ba ni wacce ba. A ranar na tuna da shirun nan na cikin kaset, tsakanin kiran Baba da dariyarsa. Baba ya ce, "Ta ce a gaishe ka." Ashe ta yi magana. In ta yi magana, rediyon ya ji, ko da kaɗan ne.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta da maƙwabcina Mushe Abdu, malamin lakol da ya yi ritaya, su ne muke ce wa Mushe, ya ba ni lokacin da ɗansa ya aiko masa da sabuwa. A cikinta akwai wata manhajar gyaran sauti. Kafin in taɓa ta sai da na same shi na ce:

"Mushe, wannan abar ba ta sata ba ce? Ba na so in sa muryar mamata a cikin kayan da ba a ba ni ba."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Isuhu, kai da tsoronka! Wannan gayya ce. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka taru suka gina ta, kowa ya kawo hannunsa, suka bar ta a buɗe, wanda ya so ya ɗauka, wanda ya iya ya gyara. Har zaure gare su a intanet inda suke hira, in abu ya cije maka ka shiga ka tambaya. Akwai na masu Faransanci."

Na wanke kan rediyona, na sa masa sabon bel, na yi bisimilla na kunna kaset sau ɗaya, na ja sautin ta waya zuwa cikin kwamfuta tun daga farko har ƙarshe. Sannan, saboda halina, na kwafe shi wuri uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a kati a aljihuna, ɗaya a kati a gida. Mushe ya nuna mini yadda ake cire shuuu: ka zaɓi wurin da ba kowa ke magana, ka ce wa manhajar wannan shi ne datti, ita kuma ta bi duk sautin ta share irinsa. Na zaɓi ƙarshen kaset, bayan sallamar Baba, tunda a sanina ba komai a wurin. Na danna. Shuuu ya tafi, amma muryar Baba ta koma kamar ta mutumin da ke magana daga cikin randa, shirun da nake nema kuwa ya zama shiru na gaske, fayau, ko bugun dakan babu. Mushe ya ce iyakar saninsa ke nan. Ya buɗe mini zauren ya tafi.

Zauren nan ba komai ba ne sai farin allo da sunaye jere a gefe, kusan arba'in, ba ko ɗaya na gaskiya. Faransancina na aji shida ne, shi ma ya yi tsatsa, don haka sai da na rubuta maganata a kaye, littafin ƴan lakol, na gyara, na sake gyarawa, sannan na kwafa. Ga abin da na rubuta, na mayar muku da shi Hausa, kamar yadda zan mayar da sauran:

"Salamu alaikum. Ina gaida manyan wannan wuri da ƙanana. Ina fata kun tashi lafiya, da iyali, da aiki, da gajiya. Ni baƙo ne, ina neman izinin yin tambaya in ba zan takura muku ba."

Na jira. Ba wanda ya amsa. Na sake sallama, na jira, na yi ta uku. A wurinmu in ka yi sallama uku a ƙofar gida ba a amsa ba, juyawa kake. Na rufe na fita, zuciyata tana gaya mini na yi wani kuskuren da ya ɓata musu rai. Kashegari haka, wanshekare haka. Kwanakin Rabi kuwa suna tafiya, in ta yi arba'in mijinta zai zo ya mayar da ita garinsu, Gidan Sori. Rana ta huɗu ina shiga sai ga saƙo yana jirana, daga wani da na sa wa suna Jandarma a raina, don kullum shi ke cewa mutane su karanta doka:

"Kai mai gaisuwa. Kwana uku kana shigowa kana fita kafin mutum ya ɗago kai. A nan ba a neman izinin tambaya. Yi tambayarka, ka bar ƙofa a buɗe, ka tafi harkarka."

Kunya ta rufe ni kamar an yi mini tsawa a gaban surukai. Har na kai hannu zan rufe, sai wani saƙon ya faɗo a ƙarƙashinsa, daga wata da sunanta na zauren yake nufin mujiya. Na yi a'uziyya da na gane ma'anarsa, don ban taɓa jin mai hankali ya zaɓar wa kansa wannan tsuntsu ba. Ta ce:

"Lafiya lau muka tashi, da iyali, da aiki, gajiya kuma da sauƙi. Kai fa? Rabu da shi, haka yake yi wa kowa, har ni. Lokacin da kake sallama wasunmu ba su tashi ba, wasu suna wurin aiki. Ba wanda ya ƙi ka. Me ya faru?"

Na faɗa musu duka, da Faransancina mai ɗingishi. Jandarma ya ce:

"Tambaya ɗaya. Kana da na asali, wanda ba ka taɓa ba?"

Na ce ina da uku.

"Uku! Yau dai mai hankali ya shigo zauren nan."

Ƴaƴana, shekarata sittin da wani abu a lokacin, kuma wannan ne karo na farko da wani ya yaba mini a kan halin da kowa ke yi mini dariya. Na karanta layin ya fi sau goma. Amma sai Mujiya ta ce ba za su iya sanin ciwon ba sai sun ji da kunnensu, in yanko ɗan guntu, kamar daƙiƙa goma, daidai wurin shirun, in sa a zauren. Wannan ba muryata ba ce da zan yi kyauta da ita. Ta mace ce da ta yi rayuwarta duka a bayan zana, ta kuma mutu a bayansa.

Na rufe rumfa na hau mota zuwa Gidan Rumji, wurinka Sanusi. Na same ka a gaban shagonka ana auna hatsi. Ka shimfiɗa mini tabarma, ka sa aka kawo fura, ka saurare ni har na gama. Sannan ka ce:

"Baba, su wane ne mutanen nan? Ka ga fuskarsu?"

"Ban gani ba."

"Sunansu fa?"

"Ɗaya dai Mujiya ake ce mata."

"Mujiya." Ka ajiye ludayi. "Baba, don Allah ka bar matar nan ta kwanta. Abin da ba ta yarda rediyon gidanmu ya ji ba, kada ka kai wa mujiya."

Na ce maka, "To."

Laifina na farko ke nan, kuma shi ne babba. Na ce to alhali zuciyata ba ta ce ba. Da na yi maka gardama a wurin, da ka yi fushi na yini ɗaya mun wuce wurin. Amma na ji tsoron fuskarka, na ce to, na sha furarka na hau mota.

Kwana shida na riƙe alkawarin. A na bakwai na ji Gwaggo Abu tana lissafa abin da za a haɗa wa Rabi na komawa, na ga saura kwana tara. Na tuna ku huɗu kuna da muryar a kunnenku ko ba ku kula ba, ita kaɗai ce ba ta da ko kalma ɗaya. Da safe na buɗe rumfa na buɗe zauren. Sai laifi na biyu, wanda jahilci ne ya jawo shi. Ni mai gyaran kaset ne, a sana'ata abin da ka yanke da almakashi ya yanku ke nan har abada. Na sa hannu zan yanko daƙiƙa goman sai na kasa, ina ganin kamar zan raba shirun nan da jikinsa in lalata shi, duk da kwafi ukun da nake da su. Sai na ɗauki sautin dukansa, tun daga bisimillar Baba har ƙarshen zare, na sa a zauren.

Yinin nan ba zan manta da shi ba. Wani ya rubuta cewa tsohon nan yana da murya mai daɗi. Wani ya ce yana jin wasu tsuntsaye masu ƙara, ya tambayi sunansu, zabin gidanmu ne. Ba wanda ya yi rashin kunya, ko ɗaya. Amma ni ji nake kamar na yaye zanar gidan Baba na bar tsakar gidan a bakin hanya. Ban san yadda ake cirewa ba. Na kasa cin abinci, na yi azahar ban san raka'a nawa na yi ba, na sake. Sai wajen la'asar Mujiya ta shigo, don a ƙasarsu lokacin ne hantsi. Ta ce:

"Ka sa dukansa. Ba ka yi niyya ba, ko? Danna nan, sannan nan, zai fita daga zauren. Na saurara har ƙarshe kafin in lura, ka yafe ni. In mun gama zan goge nawa."

Na cire. Sannan ta ce:

"Na ga ciwon. Wurin da ka nuna wa manhajar ka ce datti ne, ba fanko ba ne. Akwai mace a ciki, can nesa, tana daka, daga baya tana magana da yaro. Ban san harshenku ba, amma haka ake yi wa yaro magana a ko'ina. Ka ce mata wannan matar ce dattin, ita kuma ta bi ta share ta duk inda ta same ta."

Da hannuna na nuna Innarku na ce a share.

Ba ta gyara mini ba, haka al'adarsu take. Koya mini ta yi, mataki bayan mataki, ina kwafewa a kaye. In koma kan na asali. In ɗauki dattin daga can farkon zare, kafin Baba ya fara magana. In rage kaɗan kawai, kada in yi zari. In ɗaga shirun a hankali, in saurara, in ƙara. In na yi tambayar wauta sai Jandarma ya ce an amsa wannan jiya, sannan ya sake amsawa, ya fi kowa bayani. Kwana biyar muna haka, rezo, wato layin intanet, yana zuwa yana tafiya. Ranar da abin ya fito ban saurara ni kaɗai har ƙarshe ba. Ina jin an fara sai na tsayar, na naɗe kwamfutar a zane na kai gida bayan la'asar. Na sa wa Rabi abin kunne na sauraro ɗaya, na sa ɗaya. Baba ya yi kira. Taɓarya ta tsaya. Sai dariya, ƴar ƙarama, irin ta wanda ya rufe baki da gefen zane, sannan:

"Wayyo Baba, ni? Mi zan ce? A gaishe shi dai."

Rabi ba ta motsa ba. Ta ce, "Sake." Na sake. Ta ce, "Sake." Ban ƙirga sau nawa ba. Can ta ce, hawaye yana ɗiga a kan jaririyar:

"Ashe siririya ce. Ni duk na ɗauka irin ta Gwaggo ce."

Gwaggo Abu tana bakin ƙofa ta ce, "Mi ke ga tawa muryar, ƴar nema?" Ta karɓe abin kunnen daga wurina ta sa, sai ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da zan iya yin shiru da ba wanda ya sani. Rabi ba ta san ta inda aka bi ba. Amma ni ba na iya kwana da abu irin wannan. Da ka zo rakiyar ƙanwarka na ja ka bayan gida na gaya maka duka, har da yinin da sautin ya yi a buɗe. Ka ce:

"Mutum nawa suka ji?"

"Ban sani ba."

"Ka ce mini to, Baba."

"Na ce."

"Matar da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukinta ba, ka kai ta gaban duniya."

Na ce ka zo ka ji, ko sau ɗaya. Ka ce ba za ka saurari abin da ya bi ta kunnen baƙi kafin ya iso naka ba. Har ka juya, sannan ka ƙara da wata maganar a hankali, wadda ta fi duk sauran yi mini ciwo:

"Ni ai ko tana da rai ba ta da abin ce mini."

Tun daga ranar kana aiko da hatsi, kana zuwa gaisuwar salla, ka durƙusa ka gaishe ni ka tashi. Ba ka rage ni da komai ba sai zama. Ban ce ba ka da gaskiya ba. Na karya maganata, kuma na fitar da abin da ba nawa ba. In Allah ya tambaye ni ba ni da abin cewa sai dai in nuna Rabi.

Saura ƙarshen kaset, inda Mujiya ta ce mace tana magana da yaro. Shi ya fi wuya, don ta yi nisa da rediyon ƙwarai, ni kuma bayan tafiyarka na yi makonni ban buɗe kwamfutar ba. Da na koma, Mujiya ta tambaye ni ko ɗiyata ta ji. Na ce ta ji, na kuma gaya mata abin da ya biyo baya. Ta ce ta yi baƙin ciki, ta ce nata kwafin ta goge tun tuni, don haka wannan karon ni ne kunnenta. Haka muka yi ta yi, ni ina faɗa mata abin da nake ji, ita tana faɗa mini abin da zan taɓa. Wata rana da ba kasuwa, da hantsi, ni kaɗai a rumfa, ya fito. Za ka ji takun Baba yana fita, da ƙarar ƙyauren zaure. Daka ya ci gaba. Sai wani abu ya faɗi, yaro ya fasa kuka. Taɓarya ta tsaya. Shiru kaɗan, ina jin dubawa take ko da mutum. Sannan:

"Sanusi. Sanusina, taho. Wa ya taɓa mini kai? Yi shiru, ba kowa, taho in goya ka."

Daga nan kukan ya lafa, ta fara rera wani abu, zare ya ƙare.

Shekara talatin da wani abu wannan yana cikin gwangwanin madara, ni kuma ina kashe rediyo kafin a iso wurin don tattalin pil. Da na yanko daƙiƙa goma kamar yadda aka ce mini, da har yau yana can ba wanda ya sani. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba. Na rasa yadda zan auna abin ne kawai, kuskuren da ya raba ni da kai shi ne ya tono maka wannan.

Na kira ka a salula a ranar. Ina cewa kaset sai ka ce, "Baba, in wannan maganar ce, Allah ya huta gajiya," ka kashe. Na yi tunanin in aiko Rabi ko Gwaggo su gaya maka, na fasa. Rayuwarka duka ta bakin wani saƙon Innarka yake iso maka, ban so wannan ma ya zama haka ba. Ba wanda na kunna wa wannan wurin, ko Rabi. Na so ka ji kafin ka karanta, amma salla huɗu ta wuce ina jira, idona kuma ya fara hazo, ina tsoron in tafi da shi.

Mujiya ma ba ta nan yanzu. Na rubuta mata abin da matar ta ce da ma'anarsa a wurinmu, ta amsa da cewa sai da ta tashi daga kan kujera ta je ta tsaya a taga. Bayan wata biyu sunanta ya daina fitowa a gefen allo. Na tambayi Jandarma, ya ce haka zauren yake, mutane suna zuwa suna tafiya, ba a bin sawu. Ban san sunanta ba, ban san ko tana da ƴaƴa ba, ban san addininta ba. Ina dai roƙa mata alheri. Har yanzu nakan buɗe zauren da safe in bar shi a buɗe. Ba ni da ilimin amsa tambaya, amma in na ga baƙo ya yi gaisuwa ya yi shiru, nakan riga Jandarma. In amsa masa gaisuwar, in ce ya zauna, za a zo.

Sanusi, katin yana cikin gwangwanin tare da kaset, na rubuta sunanka a jikinsa. Kwafi uku ne, ka san ni. Ba sai ka yafe mini ba kafin ka zo, ba sai ka zauna a tabarmata ba. Ka zo ranar da ba kasuwa. Zan kunna, in sa maka abin kunne, in fita in ja ƙofar rumfar in tafi can bakin masallaci. Ka san halinta. In da mutum a wurin, ba za ta faɗa ba.